Anzar Kwana Huɗu

Idan ka tambayi Sahabi shekarunsa zai ce maka casa'in, ya kuma tsare ka da ido ya ga ko za ka yi gardama. Matarsa Baraka ta ce sittin ne da 'yan kai, sauran bakinsa ne ya haifa masa su. Amma ko ita ba ta musun cewa mutumin ya sha wuya ya kuma tsira. Kububuwa ta sare shi sau biyu. Ya faɗa rijiya. Motar albasa ta kife da shi a hanyar Ƙonni, ya fito daga ƙarƙashin buhuna yana tambayar ina hularsa. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi ta Tungar Jabir, ƙauyen nan da ke tsakanin Illela da Gidan Katta, ya ji labaran nan har ya haddace, kuma kowace shekara rijiyar tana ƙara zurfi.

Bai taɓa zama a aji ba, allo ma bai yi nisa da shi ba. Karatunsa yana bayan gari. Can akwai wani ɗan daji da mai ƙafa zai kewaye tsakanin azahar da la'asar, hurumin Tunga tun zamanin kakanni, ba gonar kowa ba. Ko'ina a gefensa an share an shuka gero da albasa, shi kaɗai ya rage tsaye kamar gashin da wanzami ya manta a ƙeya. Akwai gawo da aduwa da magarya a ciki, akwai kalgo da sabara, amma abin da ya fi yawa shi ne anza, ɗan gajeren icen nan mai ganye kore shar wanda ko akuya ba ta cika damuwa da shi ba. Sahabi ya san kowane ice a wurin kamar yadda mai unguwa ya san gidaje. Ya san ramin da yanyawa ta haihu bana. Ya san tsohuwar aduwar bakin titi da cilakowa ke shiga kogonta a toshe ƙofar da laka, mijin yana kawo mata abinci ta 'yar kafa har ƙwai ya fashe. In tsuntsu ya yi kuka a bayansa, ba sai ya waiwaya ba zai faɗa maka sunansa da abin da ke damunsa. Shi ya naɗa kansa Sarkin Daji. Babu wanda ya ɗaura masa rawani, babu kuma mai gatari ko mai gawayi da ya shiga wurin sau biyu.

Wata Laraba cikin bazara, zafi ya kai inda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, Maigari Junaidu ya aika aka kira shi. Junaidu mutum ne mai sanyin hali, da kaɗan ya girmi babban ɗan Sahabi, yana kuma jin nauyin tsohon.

"Baba Sahabi, gara ka ji daga bakina," in ji shi. "Alhaji Lawwali ya nemi gari shi ba shi dajin bayan Tunga. Tashar manyan motoci zai yi, da rumbunan albasa. Juma'a ta sama, in an sauko masallaci, dattawa za su zauna a yanke magana."

"Wane daji, ranka shi daɗe?"

"Daji nawa gare mu?"

"To shi nika tambaya. Guda ɗaya tak ya rage tsakanin nan da Ƙonni. Shi za a ba mota ta kwana?"

"Ni ban yanke ba, Baba. Ka zo ka faɗi naka."

Sahabi bai koma gida ba. Ya hau kabu-kabu ya nufi Illela, inda Alhaji Lawwali yake da shago kusa da bakin iyaka, tsakanin rumfunan 'yan canji. Alhaji babban ɗan kasuwa ne, motocinsa na albasa da wake ba sa hutawa a hanyar Nijar. Sa'an Sahabi ne, tare suka tashi, kuma a duk faɗin ƙasar Sahabi kaɗai ya rage mai kiran sunansa babu Alhaji.

"A'a, Sarkin Daji da kansa!" in ji Alhaji. "Ku ba shi kujera, ku kawo ruwa. Yau wace dabba ta kawo ƙara?"

"Ga ta zaune gabanka, Lawwali. Mi dajin nan ya yi maka?"

Alhaji bai yi fushi ba. Ya nuna titi da hannu. Manyan motoci ne jere a gefen hanya har inda ido ya ƙare, direbobi kwance a ƙarƙashinsu suna fifita da kwali.

"Dubi can. Kwanansu uku nan, babu wurin tsayawa, albasa tana dahuwa cikin buhu. Samarin Tunga kuma ina suke? Rabi suna bisa babur, rabi sun tsallaka hamada ba a san inda sunka faɗa ba. In tashar nan ta tsaya, mai shayi zai ci, mai faci zai ci, 'yan dako za su ci. Kai mi ke cikin dajin naka in ba ƙaya da macizai ba?"

"Akwai anza."

Alhaji ya ɗauki wayarsa ya duba, ko da yake ba ta yi ƙara ba.

"Anza? Mi ke nan?"

Sahabi ya kalle shi. Sannan ya tashi ya fita, bai taɓa ruwan da aka kawo masa ba.

Abin da ya sa tambayar ta soke shi, tsohon zance ne. Shekarar da fari ya cinye ƙasar nan, Sahabi yana ɗan shekara goma sha biyu ko abin da ya yi kusa. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Shanu suka zube a bakin rijiyoyi. Maza suka yi kudu neman abinci, wasu suka dawo, wasu ba a sake jin labarinsu ba, kuma uban Sahabi yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Kakarsa Inna Zuwaira, wata tsohuwa 'yar firit mai ido ɗaya, ita ta tattara yaran da aka bari, nata da na maƙwabta, su tara a ɗaki guda. Lawwali yana cikinsu. Uwarsa ta rasu tun farkon yunwar, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa kamar sillen kara.

Kullum da sassafe Inna takan tasa su gaba zuwa dajin bayan gari. Komai ya mutu a shekarar, anza ba ta mutu ba. Ta yi 'ya'ya kamar ba ta ji labarin fari ba. A cikin 'ya'yan akwai ƙwaya mai kama da wake, amma ɗacinta ya fi na maɗaci, wanda kuma ya ci ta haka nan zai yini riƙe da ciki, in mai rauni ne ma ya tafi ke nan. Sai an jiƙa ta kwana bakwai, ana zubar da ruwan ana sake wani safe da yamma, sannan a dafa. A shekarar da ruwan sha ma sai an yi tafiya, ka san abin da wannan ya ci wa tsohuwa. Ranar da za a ɗora tukunya, Inna takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da farce, ta dubi cikinta da idonta mai gani, ta ɗora a bakin harshe. In ta tofar, to yara su haƙura sai gobe, ko da kuwa kuka suke yi.

A nan Sahabi ya fara karatunsa. Sauran yara suna tsinka idonsu na kan ƙwarya, shi nasa yana sama. Inna ta lura da shi, sai ta riƙa nuna masa abubuwa. Ta ce ya dubi inda kurciyoyi suke nufa da yamma, can akwai ruwa. Ta nuna masa ramin tururuwa da hatsin ciyawar da suke tarawa a ciki. Ta koya masa zama shiru, har wata rana fakara ta bi ta kan ƙafarsa da 'ya'yanta a baya, yana jin yunwa kamar ya mutu amma bai kai hannu ba, kallo ya shagaltar da shi. Ran da ya kama reshen anza ya tsiyaye shi tas, ta make masa hannu.

"Bar na reshen sama, ɗan banza. Tsuntsu shi ka shuka ta, ba ubanka ba. In ka cinye rabon nai, baɗi mi za ku tsinka?"

Yara tara, tara suka ga damina. Inna ce ba ta ga girbi ba.

Da ƙoshi ya dawo, kunya ta biyo bayansa. A Tunga ba a faɗin an ci anza. Zagi ne. In ana neman aure aka ji an ce gidan su wane sun ci anza, maganar tana iya tsayawa nan. Kowa cewa yake su dai akwai ɗan geron da aka ɓoye a gindin rumbu. In ka saurari dattawan Tunga sai ka rantse yunwar nan a Gidan Katta ta tsaya, ba ta ƙaraso ba. Shi ya sa Sahabi, mai labarin rijiya da kububuwa, bai taɓa ba da wannan labarin ba, alhali shi ne babban abin da ya tsira daga gare shi. Ba don kansa ba. Su tara ne a ɗakin nan, biyar suna raye, kowanne da 'ya'ya da surukai.

Baraka kaɗai ta sani. Da ya dawo daga Illela ya gaya mata yadda suka yi, ta ajiye muciya.

"Malam, bakin nan naka da ba ya gajiya, yau ga ranar aikinsa. Ka tashi gaban dattawa ka ce kai da Lawwali ƙwarya guda kunka ci anza. Mu ga ko zai sake tambayar mi ke nan."

"In tona mishi asiri gaban surukan nai?"

"Shi ya ji kunyarka?"

"Ba shi nika jin kunya ba. Inna nika ji. Ba ta ciyar da shi don in zo in yi mishi gori ba."

"To sai ka zauna a kawo katafila."

"Wa ya ce miki zama zan yi? Ɗauko mini babbar ƙwaryar nan."

Dabararsa ita ce ba zai kira sunan kowa ba. Zai dafa anza irin ta Inna, ya ajiye a tsakiyar dattawa, kowa ya ci. Wanda harshensa ya tuna, zuciyarsa za ta gaya masa sauran. Ranar Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba ya shiga daji ya tsinko, ya bar na rassan sama. Ya ɓare, ya wanke, ya jiƙa. Daga Alhamis zuwa Juma'a ta sama, kwana bakwai har da rara.

Ranar Lahadi da la'asar saƙo ya zo daga Maigari. Alhaji zai yi tafiya Nijar tsakiyar mako, saboda haka an dawo da zaman gobe Litinin da hantsi.

Baraka ta leƙa ƙwaryar ta ga ruwan yana kumfa.

"Ba ta yi ba, Malam. Gobe ne kwananta huɗu."

"Ke, ni za ki gaya wa anza? Na san ta tun ba a haife ki ba. Kwana huɗu a hannuna bakwai ne a hannun wani."

Ya ɗebo toka daga murhu ya zuba, ya ce tana saurin jan ɗaci. Da safe ya ɗauraye, ya dafa da ɗan gishiri da mai. Ya ɗauki ƙwaya biyu ya tauna, ya gyaɗa kai.

"Kamar wake. Ɗanɗana ki ji."

"Ni ina son cikina," in ji Baraka. "Harshen da goro da taba sunka kashe tun shekara talatin, shi zai ba da shaida?"

Bai kula ta ba. Ya juye a akushi, ya rufe da faifai, ya sa babbar rigarsa ta Salla ya fita.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Maigari, ƙarƙashin dogon yaro. Dattawa suna gaba, samari tsaye a baya jingine da baburansu. Alhaji ya fara magana, ya kuma yi ta da kyau. Ya faɗi motocin da ke kwana a titi, ya faɗi samarin da suka tafi ba su dawo ba. Mutane suna gyaɗa kai. Ko Sahabi bai sami ƙarya a ciki ba.

Da aka ba shi dama ya miƙe ya gyara riga.

"Ni Sahabi, wanda kububuwa ta sara sau biyu, ita ta mutu ni ban mutu ba..."

"An ji, Baba," wani ya ce daga baya. "A tsallake rijiya."

Aka yi dariya. Ya jira ta lafa.

"Ina yaro, gauraka na sauka fadama har ba ka ganin ƙasa. Wa ya ga gauraka bana? Barewa na shigowa gonakin nan da asuba. Cikin samarin nan wa ya san kamanninta? Duk sun tahi, don an sare inda suke kwana. Abin da ya rage yana bayan garin nan, kuma shi ka tare yashi daga gonakinku in iska ta taso. In an share shi, ba ya dawowa. Mota ana sayen wata. Wa zai sayar muku da daji?"

Bashar, wani saurayi mai kabu-kabu, ya ɗaga hannu.

"Baba, a gafarce ni. Cilakowa za ta ba mu aiki?"

Dariyar ta fi ta ɗazu. Sahabi ya ga magana ba za ta kai shi ba. Ya sunkuya ya jawo akushin zuwa tsakiyar tabarma, ya ɗage faifan.

"Ga abin da ke cikin dajin. Bismilla."

Samari suka leƙo, suka ɗauka wani irin wake ne. Amma tsofaffin da ke gaba, kowa ya sami wurin da zai kalla ban da akushin. Malam Mukhtari, na'ibin liman, wanda shi ma yana cikin taran nan, ya shiga jan carbi da sauri. Babu wanda ya miƙa hannu.

Maigari Junaidu bayan yunwa aka haife shi, bai san komai a kai ba. Don kada a bar tsoho a kunyace, ya yi bismilla ya ɗebi cike da hannu ya zuba a baki. Ya tauna sau biyu. Fuskarsa ta tattare kamar an matsa masa tsamiya a ido. Ya juya baya ya tofar, yana tari yana neman buta.

"Subhanallahi! Baba, mi na yi maka?"

Samari suka fashe da dariya har wani ya kusa faɗuwa da babur. Bashar ya ce, "Saboda wanga abu za a bar daji? Ai guba ce!"

Sahabi ya tsaya riƙe da faifai. Maganar Baraka ta dawo masa, ya kuma gane da hannunsa ya miƙa dajin. Ya zo ya nuna abin da ya ceci gari, ya nuna abin da ya shaƙe Maigari.

Alhaji bai yi dariya ba. Tun da aka buɗe akushin idonsa bai bar kansa ba. Ya miƙa hannu kamar ba da saninsa ba, ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Ya fasa ta da farcen babban yatsa, ya dubi cikinta, ya ɗora a bakin harshe. Ya tofar.

"Kwana nawa ka jiƙa ta?"

"Bakwai," in ji Sahabi.

"Ƙarya kake. Huɗu. Dubi cikinta, ko fari ba ta yi ba. Kuma toka ka zuba don ka yi sauri, ga warinta nan. Kai ba ka da kunya, Sahabi? Haka Inna ta koya muna? Da ita ce da ko kusa da tukunya ba ta..."

Ya tsaya. Dariyar ta riga ta mutu. Duk wanda ke wurin ya ji abin da Alhaji Lawwali ya ce, har da surukinsa da ke zaune a gefensa.

Malam Mukhtari ne ya fara magana, bai ɗago kai daga carbinsa ba.

"Sai ruwan ya bar kumfa," in ji shi a hankali. "Safe da yamma ake sakewa."

"Da yamma ni ka zuwa ɗibar ruwan," wani tsoho ya ce daga ƙarshen tabarma. "Tulun ya fi ni nauyi."

"Mu a gidanmu da kanwa munka dafa ta," in ji wani, wanda shekara hamsin yana ba da labarin geron gindin rumbu.

Alhaji ya goge yatsansa a tabarma. Yana iya cewa wajen direbobinsa ya ji. Sahabi ya ga ya buɗe baki, ya kuma ga ya fasa.

"Ranka shi daɗe," in ji Alhaji, "kai ba ka sani ba, ba a haife ka ba. Mu tara wata tsohuwa ta riƙe da wanga abu har ruwa ya sauka. Ni ne mafi rauni. Ita ka fara ɗanɗanawa kullum, mai ɗaci ta shiga cikinta, mu mu ci mai kyau. Na daɗe ina tunanin shi ya kashe ta." Ya juya ga Sahabi. "Kai kuma, ran Laraba na san anza sarai. Ban so in sani ba ne."

"Ban zo in tona maka ba, Lawwali."

"Na gani. Da ka dafa ta daidai da na ci na yi shiru, in tashi in kawo katafila. Amma ba ni zama a ɓata aikin Inna gabana."

Kada ka ɗauka daga nan komai ya warware. Alhaji ɗan kasuwa ne, motocinsa suna nan a titi, samarin ma suna nan tsaye babu aiki. Aka yi ta ja har rana ta take. Akwai wani kwazazzabo da ya raba dajin biyu, ƙaramin rabi ta wajen titi, babban rabi ta wajen gonaki, inda anza ta fi yawa. A ƙarshe Maigari, da ɗaci har yanzu a bakinsa, ya yanke. Daga titi zuwa kwazazzabo na tasha ne, in bai isa ba Alhaji ya haɗa da gonarsa da ke maƙwabtaka. Daga kwazazzabo zuwa gonaki hurumi ne, a kafa duwatsu, a rubuta a takarda, dattawa su sa hannu, babu gatari babu wuta.

"Aduwar cilakowa tana wajen titi," in ji Sahabi. "Tana kan ƙwai."

"Sai a jira ta fito da ɗiyanta," in ji Alhaji. "Bayan nan ba ni da alkawari."

Ya cika maganarsa. An jira har cilakowa ta fasa lakar ta fito. Ran da katafila ta kai ga aduwar, Sahabi bai je kallo ba. Ya zauna a bakin kwazazzabo ya ba titi baya, ya ji faɗuwarta da kunnensa. Yana yaro a gindinta Inna take ajiye su su huta. Ya daɗe a wurin yana tunanin ko ceto ya yi ko rabawa, bai kuma sami amsar da zai iya kai wa rumfar mai shayi ba.

Abin da ya kai rumfar dabam ne. Can cewa yake da gangan ya yi.

"Ni da na san anza tun ba a haifi ubanninku ba, in kasa jiƙa ta? Tarko na ɗana. Na san Lawwali ba ya iya ganin aiki ya ɓaci shi yi shiru. Kwana huɗu cif na auna mishi."

Maganar ta kai kunnen Baraka. Da ya shigo gida ta tambaye shi ko Maigari ma yana cikin tarkon.

Ba a yi wata guda ba Alhaji ya aiko direba da saƙo, ya ce yana son anza, amma ta mutane. Wannan karon Baraka ta karɓe aikin. Kowace safiya takan ja layi da gawayi a jikin bango, ta kuma hana Sahabi kusantar murhu da toka. Da layi ya cika bakwai, ruwan ya kwanta garau babu kumfa, ta dafa.

Alhaji ya zo da kansa bayan la'asar, ya bar mota a bakin gari ya tako. Sahabi ya ɗauki tabarma da akushi ya ce a daji za su ci. Suka tsallaka duwatsun da aka kafa, suka zauna gindin gawo. Daga can titi ana jin ƙarar motocin da ke sauke bulo. Gabas ta ɗan yi duhu, iska tana kawo ƙanshin ƙasa daga nesa.

Alhaji ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya fasa da farce, ya duba, ya ɗora a harshe. Bai tofar ba. Ya sa hannu ya ɗebo.

Sun ci rabi, sai wata inuwa ta gilma a kan tabarmar. Alhaji ya ɗaga kai yana nema. Sahabi ko kallo bai yi ba.

"Shamuwa ce," in ji shi da abinci a baki. "Ta yi latti bana. Na gaya wa 'yan rumfar mai shayi saura kwana uku ruwa ya sauka, ba su yarda ba."

"Kai dai ci," in ji Lawwali, ya tura masa akushin.